Baba Jeri, Ka Manta Kalma Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran maigidana a wurin aiki, wanda duk ofis ke kira Baba Jeri.

Baba, shekara tara kana riƙe da manhajar da ke tantance wa zai buɗe wane fayil. Kowane gurbi ka rubuta masa jerin kalmomin da zai karɓa. Wanda ya saka wata daban, allo ya yi masa ja. Mun sha ja, wallahi har mun gode Allah.

Ban manta ranar da manaja ya gaji, ya ce a rubuta "kowa" a gurbin masu duba takardun ma'aikata, a huta. Ka cire tabarau ka ce, "Ranka ya daɗe, kowa ba ya cikin jerin. Kawo mini shi in ga fuskarsa." Matarka ma ta ce ko kasuwa ka aiki 'yarku, abin da ba ya cikin takarda sai ya koma wurin mai shi.

Amma taurin kan nan ne ya rufa mini asiri. Ina sabon zuwa na nemi buɗe wa direbobi fayil ɗin asibitin ma'aikata bisa kuskure. Manhajar ta ƙi. Ka gani, ba ka gaya wa kowa ba, sai dai ka ce, "Ɗana, ta fi ka hankali yau."

Jiya manaja ya ce in rufe shafinka kafin a tashi. Gurbin dalili ya ba ni zaɓi huɗu: ritaya, murabus, canjin wurin aiki, kora. Na rubuta "rasuwa". Allo ya yi ja. Haba Baba! Kai da ba ka mantuwa?

Manaja ya ce, "Danna ritaya kawai." Na ce ba zan yi maka ƙarya a cikin manhajarka ba. Na cike takardar neman ƙari, mutum biyu suka sa hannu yadda ka koya mana, na ƙara kalma ta biyar. Ta shige. Na zauna ina jiran ka leƙo ka ce, "Wa ya ba ka izini?" Ba ka leƙo ba. Sai a lokacin na yi kuka.

Allah ya ba iyalinka haƙuri. Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sa sunanka na cikin jerin 'yan Aljanna. Amin.