Maganganun Hanci da Ban Karanta Ba

A shekarata ta biyu ina karatun Turanci a jami'a a Wad Madani, birnin da Larabci ne harshen gari, wani malaminmu ya shigo aji da takarda da ya buga daga intanet. Layi biyu ne a jikinta. A hagu maganganun da Turawan Ingila ke yi da hanci, a dama kwatankwacinsu a harshen wata ƙasa wai ita Lituweniya. Duk ajin babu wanda ya taɓa jin sunanta. Ya ce ƙaramar ƙasa ce can cikin sanyi, mutanenta ba su da yawa, amma ga shi sun jera harshensu kusa da Turanci ba su ji kunyar kowa ba.

Ya karanta mana kaɗan. Bature in an tsawwala masa farashi sai ya ce ya biya ta hanci. In an yi abu a gabansa bai ankara ba, ya ce a ƙarƙashin hancinsa aka yi. Su kuma mutanen Lituweniya, in mutum ya karaya sai su ce ya rataye hancinsa, in ana yaudararsa su ce ana jan sa da hanci. Aka yi ta dariya. Daga nan ya ba da aiki: kowa ya je ya rubuto irin wannan takarda, Turanci a hagu, a dama harshen da uwarsa ke yi masa faɗa da shi. Ya ba mu mako biyu, kuma kowa zai tashi ya karanta nasa a gaban aji.

Nan dariyata ta ɗauke. Mu huɗu ne a ɗakin kwananmu na ɗalibai, kuma abin da suka sani a kaina shi ne 'yar manomi ce daga wajen garin Hajj Abdalla. Wannan gaskiya ne. Ban taɓa ce musu ni Balarabiya ba ce, ban dai taɓa ce musu Bahaushiya ce ni ba. Larabcina ya fi Hausata gudu, ga hancina dogo siriri, a ƙasar da ake duban hancin mutum kafin a tambayi sunansa. In innata ta kira ni a waya, bayan tankin ruwa nake zagayawa in amsa.

Na san abin da nake gudu. Babbar ƙawata a ɗakin 'yar garin Managil ce, kwano ɗaya muke ci, ranar da na yi zazzaɓi ita ta wanke mini kaya. Amma in za ta kwaikwayi matar da ke sayar da gyaɗa a ƙofar makaranta, sai ta sa yatsa ta danne hancinta ya baje, ta ce ga Fallatiya ta iso. Haka suke kiranmu duka, Fallata. Ɗaki ya ɗauki dariya, har da ni. Tawa dariyar ce ke ci mini rai har yau, don ta fi ta kowa ƙarfi.

Duk da haka, ranar Alhamis na hau mota zuwa Hajj Abdalla, na ƙarasa ƙauyenmu a raksha, keke mai ƙafa uku, ta bakin magudanar ruwa. Na ce wa kaina rubutawa kawai zan yi, karantawa kuma sai ranar ta zo. Na tarar da Kaka, mahaifiyar babana, tana yanka kuɓewa za ta shanya.

"Kaka, aiki anka ba mu a jami'a. Maganganun da aka yi da hanci nika so, da Hausa."

Ta ajiye wuƙar. "Da Hausa? Cikin jami'a? Wa yac ce?"

"Ustaz ɗinmu."

"Balarabe na?"

"Balarabe na."

"Ikon Allah! Ɗauko alƙalaminki, ɗiyar ga."

Ban taɓa ganin Kaka da irin wannan zumuɗi ba. Ta fara da hura hanci, ta tashi tsaye tana nuna mini yadda mai girman kai ke tafiya. Ta ba ni ɗaga hanci, da cin hanci, da shiga hanci. Ta kama nawa tana nuna mini karan hanci, ta tuna mini haɓon da nake yi da rani ina ƙarama. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta biyu, tsofaffi irinta, suka zauna suna gardama a kan wacce magana ce ta asali, wacce ce aka ɗebo daga Larabci. Kuɓewar nan ba a gama yanka ta ba sai la'asar. Na cika shafi biyu, rabinsu ban taɓa jin su ba a rayuwata.

Da zan koma ta ƙulla mini soyayyar gyaɗa a leda. "Ki kai ma ustaz. In kin tashi karatun, ki ɗaga murya, ban son ƙus-ƙus ɗin ga naki. Ki ce kakarki ta ba ki." Gyaɗar a ɗakinmu aka cinye ta, na ce a tasha na saya.

Takarda biyu na shirya, ɗaya da Hausa, ɗaya da Larabci, na sa su duka a jaka. Ranar karatu wata yarinya 'yar arewacin ƙasar ta karanta nata da yarensu, aka tafa mata. Sai wani saurayi ɗan wajen Damazin ya tashi, mai shiru-shiru, kullum a kujerar gefe yake zama. Ya buɗe baki, sai na ji Hausa. Na sunkuyar da kai. Bai kai layi na uku ba wani daga baya ya yi kiran masu tallar gyaɗa, aji ya fashe. Malam ya buga tebur, aka yi shiru, amma kafaɗu na ta rawa. Ƙawata ta sunkuya ta danne hancinta, ta zungure ni da gwiwar hannu.

Saurayin ya ci gaba har ya zo wani gurbi da ya bari ba komai. Abin da Bature ke faɗa ne game da mai raina mutane, ya ce ya nema bai samu na Hausa ba, iyayensa sun yi nisa. Malam ya dubi aji.

"Akwai wanda ya san Hausa a nan ya taimaka masa?"

Amsar tana cikin jakata, layi na farko, wadda Kaka ta tashi tsaye ta nuna mini. Saurayin ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Ashe ya taɓa ji na a bayan tanki. Na zuba wa tebur ido har malam ya ce wa saurayin ya zauna. Da aka kira ni na zaro ta Larabci na karanta, murya tar. Malam ya yaba, ƙawata ta rungume ni. Na tsane ta a ranar, na tsani ajin, amma ba kamar yadda na tsani kaina ba.

Sai da na yi wata guda ban je gida ba. Abin da ya kai ni, matar yayana ce ta haihu. Na isa da hantsi na tarar da Kaka a tsakar gida, don ita ke wankan jarirai a unguwarmu. Ta miƙe ƙafafu, jaririyar na kwance a kansu, ga kwanon ruwan zafi a gefe. Tana tsoma tsumma ta matse ta ɗora a hancin yarinyar, sannan ta shafa man riɗi a yatsu biyu ta kama karan hancin tana ja sama. Yarinyar na tsala ihu.

"Lale da 'yan jami'a," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Mi ustaz yac ce? Sun ji Hausa?"

Tun a mota na shirya ƙarya mai kyau, har da tafi. Amma na durƙusa a gabanta na faɗi gaskiya duka, har da saurayin, har da gyaɗar. So nake ta zage ni. Da ta ɗauki takalmi ta jefe ni, da na samu sauƙi.

Ta ci gaba da jan hancin jaririyar.

"Dariya sunka yi mai?"

"Dariya, Kaka."

"Ni na aza duniya ta sake. Ashe da saura." Ta sake tsoma tsumman. "Ke hwa, ba wanda ya gane ki?"

"Sai shi kaɗai. Bai hwaɗi ba."

"Alhamdulillahi. Allah shi yi mai albarka." Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, ta dubi tsakiyar fuskata yadda manomi ke duban shukarsa. "Kwana arba'in ina jan hancin ga naki, sahe da marece. Kina ihu, uwarki na kuka tana cewa in bari. Kin aza don kyau ni yi? Don ki wuce inda mu ba mu wucewa na. Kin wuce, shi ke nan. Mi na abin kuka?"

Ban san ina kuka ba sai da ta faɗa. Na ce takardar Hausar tana nan a jakata, ban yar ba.

"Bar ta nan gida, kada wani shi gani a kayanki," ta ce. "Ruwan ga ya huce. Miƙo min na kan wuta."

Na tashi na sauke tukunyar, na zuba mata a kwano, na riƙe kan jaririyar don kada ta motsa.