Gizo-gizon da Ya Ƙwace Tsintsiyar Umma

A barandar gidanmu da ke Sentul a Malesiya, can saman bene, wani gizo-gizo ya taɓa zama, girmansa ya kai tafin hannun Abba. To, a rage kaɗan: tafin hannuna. Ya ɗaura yanarsa daga ƙarfen baranda zuwa igiyar shanya, zaren rawaya-rawaya, in rana ta haska shi sai ka rantse zinari ne. Shi kuma yana tsakiya, kai ƙasa, ƙafafu a baje, kamar gidan ubansa.

Kullum na dawo makaranta sai na tsaya a kansa. Yakan fara miƙa zaruruwa daga tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, sannan ya yi ta zagayawa yana liƙa sabon zare da ƙafar baya. Ƙuda na faɗawa, zai naɗe shi tsaf kamar tapau ɗin mamak, ƙunshin abincin da masu gidan abinci ke ɗaure maka ka tafi da shi.

Wata rana Umma ta fito shanya ta gan shi.

"Innalillahi! Yanar gizo a gidana? Tsiya take jawowa. Ɗauko tsintsiya ka share."

"Umma, a waje fa yake. Tsiyar Malesiya zai jawo, ba tamu ba."

"Za ka ɗauko, ko da kai zan fara?"

Na harɗe hannu na ce ni ba na rushe gidan wanda bai yi mini komai ba. Ranƙwashin da na sha, har yau in hadari ya haɗu wurin yana amsawa.

Da kanta ta ɗauko tsintsiyar, wadda ta taho da ita tun daga Kano, don ta ce ta roba ba ta shara. Shara ɗaya, yanar ta tafi. Gizo-gizon ya sulale bayan tukunyar fure, Umma ta jingine tsintsiya a baranda ta shige.

Da safe na leƙa. Sabuwar yana, ta fi ta jiya, gefe guda a igiyar shanya, ɗaya gefen ɗaure da kan tsintsiyar.

"Umma, fito! Mutuminki ya riƙe miki kaya."

Ta miƙa hannu, ya girgiza yanar, ta yi baya har da sakin bokiti.

"Ba tsoro ba ne, alwala gare ni. Ɗauko mini."

"Boleh, ba matsala, Umma. In ya ba da izini."

Kedai, wato kanti, ta aike ni sayo ta roba, kuma sharar gida ta dawo kaina. Na yi ta yi ina fito. Tsintsiyar Kano kuwa, a baranda ta ƙare damina.