Wancan Gaisuwa Ce, Likita

Ɗana na biyu mahauci ne, kamar mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa. Teburinsa na kasuwar Mafara, gefen na baffansa.

Ciwonsa hawa yake da sauka. In ya hau, barci ya ƙaurace masa, baki ba ya rufuwa, ya yanka sa ya rabar da rabi kyauta, ya ce zai saye shanun Maradun kakaf ya kai Legas. In ya sauka, sai ya juya fuska bango, ko sallama ba ya iya amsawa. A tsakanin biyun ya koyi shan giya. Ya ce in ya hau ita ke saukar da shi, in ya sauka ita ke ɗaga shi. Ni ban taɓa kiran sunanta ba. "Abin nan" nake cewa, kowa a gida ya gane.

Mun sha rubutu, mun je ruƙiyya wurin wani malami a Bakura, daga baya muka kama zuwa asibitin ƙwaƙwalwa can wajen Sakkwato. Duk zuwa likita zai dube ni ya ce, "Mama, ya mai jiki?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya rubuta magani irin na baya, mu dawo. To me zan ce? Mahaifin yaron ma, ranar da zai cika, da sauƙi ya ce wa masu dubiya. Haka muka taso.

Wata Talata da la'asar baffansa ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma. Da muka gama gaisuwa ya ce, "Matar yaya, ɗanki ya mai da tebur gidan zakka. Yau har karnukan mayanka sun samu tsoka."

Na ce, "Kai da ba ka taɓa ba ni ko ƙashi ba, dole abin ya yi maka ciwo."

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya sunkuyar da kai. "Da tangaɗi ya zo. Ya yanke hannu bai ma sani ba, sai da mai saye ya nuna mashi jini. Na amshe wuƙar. Asibitin ga da kuke zuwa, sun san da abin nan?"

Na kama gyaran bakin tabarma, shi kuma ya yi sallama ya tafi.

Ranar komawa asibiti, muna cikin mota, hannunsa a naɗe da tsumma, ɗana ya matso kusa da kunnena. "Inna, don girman Allah kada ki faɗi abin nan. In ya fita bakinki, wane ido zan dube ki da shi?"

Na ce masa ya gyara zama, yana danne mini mayafi.

Likita ya ce, "Mama, ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Ya jawo takarda zai rubuta. Na dubi hannun yaron da ke naɗe a kan gwiwarsa.

Na ce, "Likita, wancan gaisuwa ce."

Ya ajiye biro.

"Ba sauƙi. Ba shi barci. Kuma yana shan giya. Kullum."

Kalmar ta yi mini nauyi a baki kamar na tauna tsakuwa. Ɗana ya kafa ido ƙasa. Likita bai yi salati ba, bai yi wa'azi ba. Ya tambayi tun yaushe, da wane lokaci yake fara sha, da ko jikinsa na rawa da safe. Ya ce ciwo biyu ne suke jan juna, maganin ɗaya ba ya kamawa in an ɓoye ɗayan. Ya ce kuma kada a yanke masa giyar farat ɗaya a gida, akwai haɗari, sai an kwantar da shi.

"Mama, ai da tuni kin gaya mini."

"Kai ma gaishe ni kake yi, ɗan nan."

Aka ba shi gado. Da zan tafi na yi masa sai an jima, bai ɗago ba. Na koma dubiya da fura da dambun nama, ya karɓa ya ajiye, ya gaishe ni kamar baƙuwa. A motar dawowa na yi ta share ido da bakin mayafi har Lambar Bakura, matar da ke gefena ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Bayan an sallamo shi ma magana tsakaninmu ba ta wuce ina kwana. Yana shan maganinsa, yana taimaka wa baffansa da wankin kayan ciki. Ya taɓa zamewa ya koma wa giyar, ya kuma tashi. Ban ce ya warke ba, likita ma bai ce ba.

Da ranar ganin likita ta zagayo, na raka shi, amma na nemi benci a waje na zauna, don kada in sake kunyata shi. Aka kira shi. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya waiwayo.

"Inna, taso mu shiga. In ni kaɗai ne, gaisawa kawai za mu yi."

Na ɗauki takalmana na bi shi.