Sitabilaizar Injiniya Sabo

Duk wanda ya taɓa kai wa Injiniya Sabo gyara a unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur ya san ba mitar awon wuta yake fara ɗaukowa ba, hanci yake fara kaiwa. Ka miƙa masa cajar kwamfuta, sai ya rufe ido ya shinshina kamar mai sayen turare, ya ce, "Wannan ta ƙone tun shekaranjiya." Kuma wallahi sau tari haka ne! Sau ɗaya na ga hancin ya ba shi kunya. Muna shan shayi a shagon mamak, wato na mai shayi da abinci, da ke ƙasan benensu, ya miƙe zumbur ya ce wa mai shagon firjinsa na ƙonewa. Mutumin ya leƙa kicin ya dawo yana dariya, wai burodi ne aka manta a kan wuta.

Injiniya ya zauna ya ce, "To ai dai wani abu ya ƙone."

Ni Nasiru, lokacin ina karatun digiri na uku da ya ƙi ƙarewa, shi ya sa yake ce mini Dakta don tsokana. Darasinsa kullum ɗaya ne: "Dakta, in na'ura ta ƙi tashi, fara daga bango. Duba soket, duba fiyus, sannan ka zargi sauran."

Shekara goma sha ɗaya ya yi a Kuala Lumpur, amma bai taɓa yarda da wutarsu ba. Ranar da zai taho daga Kano kayansa suka yi nauyi a filin jirgi, ya cire ƙunshin kilishi ya taho da wata tsohuwar sitabilaiza da ya saya a Sabon Gari. Hajiya Talatu, matarsa, har yau ba ta yafe kilishin nan ba. Duk abin da yake ji da shi, ta cikin sitabilaizar nan yake shan wuta. In ka ce, "Injiniya, nan fa ba a ɗauke wuta," sai ya ce, "Ba a ɗauke ba tukuna."

Rannan kuwa aka yi tsawa, wuta ta ɗauke na minti goma, da rana tsaka. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin nasa ba. Ya ɗauko tocila ya bi hawa-hawa yana ƙwanƙwasa ƙofofin Hausawa: "Me na ce muku? Me na ce muku?" Kafin ya kai hawa na tara wutar ta dawo, amma sai da ya ƙarasa.

Sai maganar Ba'amurke. Wani gidan wasanni ne zai rufe, Injiniya ya kwaso musu mataccen injin fimbol, wannan dogon akwatin mai gilashi da ake harba ƙwallon ƙarfe a ciki, kana tare ta da 'yan hannaye biyu kada ta faɗa rami. Mu huɗu muka cusa shi a lif. Ya cinye rabin falo, sai da aka fitar da doguwar kujerar Hajiya zuwa baranda.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Baban Hanifa, wannan kuma makarar wa ce?"

"Baƙo ne daga Amurka, Hajiya. Sati biyu zai tashi."

Tashi kam ya tashi. Injiniya ya sauya wayoyin taransifomarsa daga wutar Amurka zuwa ta nan, ya jona shi a sitabilaiza, fitilu suka kama, kiɗa ya tashi, muka yi shewa. Amma da zarar ka danna hannayen biyu tare, sai sitabilaiza ta ce ƙas, injin ya ɗauke ya koma farko kamar ba a fara wasa ba.

Na ce, "Injiniya, ƙarar me ce wannan?"

"Ƙarar aiki, Dakta. Kare shi take yi. Da ba ita, da tuni ya babbake."

Sati biyu ya zama shekara biyu. Ya canza fiyus, ya canza manyan kafasito masu tara wuta, ya goge kowane bakin waya da buroshin haƙori, ya sake liƙe duk inda dalma ta tsage. Ya taɓa jana muka zaga shagunan kayan lantarki tun hantsi har la'asar don neman kafasito ɗaya mai rahusa. Wani tsohon Basine ya gaji da cinikinsa ya ce, "Ɗauka kyauta, ka tafi!" Injiniya ya ƙi, wai abin kyauta ba ya ƙarko. Sai da suka yi rigima kafin ya yarda ya biya rabi.

Daga ƙarshe Hajiya ta yanke hukunci: in Babbar Sallah ta zo Ba'amurke bai kai wasa ɗaya ƙarshe ba, masu gwangwan za ta kira, kujerarta ta dawo ciki. Kuna dariya, amma shi abin ya dame shi ƙwarai. Mutumin da bai taɓa mayar wa kowa da kaya ya ce sun gagara ba.

Sallar ba ta same shi a gida ba. Da na je duba shi asibiti ya rame, amma yana ganina ya nuna na'urar da ke gefen gadonsa ya ce, "Dakta, duba mini, kai tsaye suka jona ta a bango ko?" Muka yi dariya har ya yi tari. Can sai ya ce, "Abu ɗaya ne ya gagare ni a garin nan. Ban san inda na yi kuskure ba." Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Bayan Hajiya ta fita takaba, suna shirin komawa Kano ita da Hanifa, ta kira ni in zo in kunna injin ko mai saye zai ga fitilunsa na kamawa. Na nemi sitabilaiza, ta ce ta riga ta ɗaure ta a kwali, ita kam gida za ta koma da ita. Ba yadda na iya, na cusa filogin a bango.

Na harba ƙwallo, na danna hannayen biyu tare, ina jiran ya mutu. Bai mutu ba. Na sake dannawa, na sake. Ƙwallo na ta yawo, ƙararrawa na kaɗawa, maki na hawa. Ashe tsohuwar nan ce take shaƙe masa wuta duk lokacin da ya ja da ƙarfi. Mai cewa a fara daga bango ya duba komai, ban da abin da ya ajiye tsakanin bangon da injin.

Hajiya ta dafe kai. "Ita ce? Wadda aka cire mini kilishi saboda ita?" Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ni ma haka. Sai na ga dariyar ta koma kuka.

Ta ce, "Malam Nasiru, ke nan duk gyaran da ya yi daidai ne?"

Na ce, "Duka, Hajiya. Ko ɗaya bai kuskure ba."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce in matsa. Ita da ta yi shekara biyu tana kiransa makara, ita ta buga wasan farko har ƙarshe. Ba a kira masu gwangwan ba, da shi aka yi lodin Kano.

Injiniya, bai gagare ka ba, wallahi ka gyara shi. Na so a ce ka ji wannan da kunnenka. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka da hasken da ba ya ɗaukewa. Amin.