Aikin da Aka Ba Koci Ozell

Ozell Pettway ɗan manomin auduga ne a nan kudancin ƙasar Amurka. A 1954, lokacin yana kwalejin baƙar fata ta garinmu, a wasan ƙwallon Amurka da ake riƙewa a hannu, idan ya rungumi ƙwallo ya zura da gudu, sai ƙarti uku sun taru kafin su kai shi ƙasa. Babbar jami'ar turawa da ke kusa da mu kuwa, ko kallo ba ta barin irinsa su shiga.

Da gwiwarsa ta lalace sai ya zama kocin kwalejin. Shekara goma sha shida shi ke wanke rigunan 'yan wasa, shi ke tuƙa motarsu, matarsa Verlene tana soya musu kaji. Kofi uku ya ciyo. Ni ma a hannunsa na yi wasa.

A 1973 jami'ar ta fara ɗaukar baƙaƙe. Kocinta, wani bature mai suna Hargrove, ya zo har gida.

"Ozell, iyayen yaran nan kai suka sani, ba ni ba. Zo ka zama mataimakina. Ran da na sauka, kujerar taka ce."

Bayan ya fita Verlene ta ce, "Ka lura har ya tafi bai kira ka Koci ba?"

Duk da haka ya karɓa. Ya riƙa bi gida-gida, yana cin wake da gurasar masara a teburin iyaye mata, yana rantse musu zai riƙe 'ya'yansu amana. Duk wani matashi mai ƙafa a yankinmu shi ya kwashe. Cikin shekara shida kwalejinmu ta rasa 'yan wasa, ta rushe ƙungiyar, filin ya koma wurin ajiye motoci.

Da Hargrove ya sauka, sai aka ba wani saurayin bature kujerar, wanda Ozell ne ya koya masa aikin. Shugaban jami'ar ya dafa kafaɗar Ozell ya ce, "Ba mu da kamarka wajen nemo 'yan wasa. Ɗauke ka daga nan asara ce."

Sau biyu aka sake yi masa haka kafin ya yi ritaya. Aka ba shi agogo kyautar sallama.

Ya dawo garinmu, mutane suna gaishe shi sama-sama. Bayan rasuwar Verlene na je masa gaisuwa, na ce, "Koci, ai wasu cikin waɗanda ka kai jami'ar sun yi arziki."

"Wasu," in ji shi. "Waɗanda suka karye aka sallamo su fa? Ni na riƙa kai su tashar mota. Uwayensu suna zama a gabana a coci kowace Lahadi, ba wadda ke waiwayowa."

Ya rasu a 1998. Mu shida, tsofaffin 'yan wasansa na kwaleji, muka ɗauki gawar. Jami'ar ta aiko da furanni.