Fidencio Quihuis da Kofin 1956

Duk wanda ya san Fidencio Quihuis a garin El Tajo, da abu biyu ya san shi: walda da riƙo. Ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana haɗa bututun ƙarfe a ramin haƙar jan ƙarfe, kuma ko waɗanda ba sa ga maciji da shi sun yarda cewa abin da ya haɗa ba ya tsiyaya. Amma in ka taka shi sau ɗaya, to ka sa a ranka zai tuna maka ko bayan gashinka ya yi fari. Matarsa Gudelia takan ce ta auri mutumin da bai taɓa mantuwa ba, shi ya sa bai taɓa hutawa ba.

Mahaifinsa shi ne mai kula da filin besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, na garin a zamanin da El Tajo ke da ƙungiya, wadda ake kira Mahaƙa. Shi ke share fili, ya yayyafa ruwa, ya ja layi da farar ƙasa, Fidencio na biye da shi da bokiti. Ƙungiyar na buga wata ƙaramar gasa ce ta garuruwan kan iyaka, wasu a jihar Sonora, wasu a tsallaken iyaka, a jihar Arizona. A shekarar 1956, yana ɗan shekara tara, aka rufe babban ramin, mutane suka daina zuwa kallo, mai ƙungiyar ya kwashe 'yan wasansa ana tsakiyar gasa ya kai su Santa Brígida, garin makiyaya da ke bayan tsauni. A can suka ƙarasa, a can suka ɗaga kofi. Mahaifin Fidencio ya rasa abin yi, ya tafi Nogales aikin gadi, daga nan sai a jima ba a ga ƙeyarsa ba. Tun lokacin Fidencio bai ƙara ambaton Santa Brígida ba tare da ya tofar da yawu ba.

Bayan ya ajiye aiki, 'yarsa ta kawo masa kwamfuta don ya daina zama a shagon aski yana neman mutane da faɗa. A nan ya ci karo da wani shafin intanet da masoya besbol suka kafa da kansu, suna tattara tarihin ƙananan gasannin da suka mutu: wa ya buga, a wace ƙungiya, sau nawa ya doki ƙwallo, sau nawa aka fitar da shi. Wani Rigoberto Amavizca, mai gyaran haƙori a Tucson da ke Arizona, shi ke kula da sashen kan iyaka. Da Fidencio ya buɗe gurbin Mahaƙan El Tajo ya tarar da shi wayam, sai ya ji kamar an zagi ubansa.

Ya duƙufa. Yakan shiga mota ya tafi Hermosillo da busasshen nama naɗe cikin tortiya, gurasarsu mai faɗi, ya wuni a ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu yana kwafar sakamakon wasa ɗaya bayan ɗaya. Aikin ba sauƙi ne da shi ba. Jarida ɗaya sai ta rubuta sunan Ba'amurke guda ta hanya uku, wata ranar kuma shafin wasanni ne aka yage aka naɗe tumatir da shi tun kafin a haifi masu ajiyar. Fidencio ya bi gida gida yana karɓo hotuna, ya shiga ɗakin ajiyar coci, ya yi faɗa da limamin cocin, ya fito da abin da ya je nema. Cikin 'yan shekaru ya cike gurbin El Tajo har jikokin tsofaffin 'yan wasa suka fara rubuto godiya daga Texas da Kuba. Bai cika amsa musu ba. In ya amsa, to gyara musu kuskure zai yi.

Da ya iso kan 1956, ya rubuta a sarari cewa zakarun shekarar su ne Mahaƙan El Tajo. Washegari ya tarar an goge, an sa Santa Brígida. Wadda ta yi gyaran ta bar suna: Artemisa Bojórquez, malamar makaranta da ta yi ritaya a can garin, kuma 'yar mai cafe ƙwallon ƙungiyar a waccan shekara. Ta ƙara da cewa mai rubutun ya kula da waƙafi da aya, don shafi ne da mutane ke karantawa.

Fidencio ya mayar da El Tajo. Ta sake gogewa. Haka suka yi ta yi, shi da safe bayan kofi, ita da yamma bayan ta dawo daga coci. Hujjarsa ita ce fiye da rabin wasannin shekarar a El Tajo aka buga su, kuma a nan aka ɗauki 'yan wasan. Hujjarta ita ce a Santa Brígida aka ɗaga kofin, kuma da sunan garinsu jaridu suka buga teburin ƙarshe. Ta ɗora hoton 'yan wasan riƙe da kofi. Fidencio ya ƙara girman hoton, ya nuna cewa a ƙirjin kowace riga ana ganin inuwar tsohon sunan da aka tsefe.

Ya rubuta mata a ƙasan shafin: "Malama, ko rigar da ubanki ya ɗaga kofi da ita tamu ce. Ku mutanen shanu, me kuka taɓa yi ban da tsintar abin wasu?"

Ta amsa: "Malam mai walda, garin da ya kasa ciyar da ƙungiya har ta gudu da yunwa bai kamata ya zo neman kofi ba. Kuma har yanzu ba ka iya rubuta sunana daidai ba."

Maganar ta fita daga intanet ta shiga gari. A shagon aski aka riƙa karanta amsoshin Artemisa da ƙarfi ana dariya, Fidencio ya daina zuwa, ya koma yana aske kansa a gida. Wani amininsa na ramin haƙa ya ce masa a gaskiya matar tana da 'yar hujja, daga ranar bai ƙara gaishe shi ba, har mutumin ya kwanta asibiti bai leƙa shi ba. Sauran masu aikin shafin kuwa suka fara ƙorafi cewa kullum sai sun tarar da zagi a inda suka zo neman lissafin wasa.

Rigoberto ya gaji. Ya binciko cewa mutum ɗaya ya rage a raye cikin ƙungiyar, wani mai jefa ƙwallo mai suna Crisóforo Buitimea, Bayaki, wato ɗan wata ƙabila ta 'yan asalin yankin, wanda ke zaune wajen 'yarsa a gefen birnin Obregón. Ya ce su je su biyun rana ɗaya su tambaye shi, duk abin da ya faɗa shi za a rubuta. Kowannensu ya yarda, don kowanne ya tabbata tsohon nasa ne.

A ƙofar gidan suka fara ganin juna ido da ido. Fidencio ya zaci zai ga wata ƙatuwar mata, sai ya ga 'yar siririyar tsohuwa mai dogara sanda, da tabarau rataye a wuya. Ta dube shi daga hula har takalmi, shi kuma bai cire hular ba. 'Yar gidan ta kai su ƙarƙashin rumfa inda tsohon ke zaune, ido ɗaya ya yi fari, hannun da ya yi jifa da shi yana kan gwiwa. Aka kawo kofi. Kafin kowa ya kurɓa, Artemisa ta zaro hoto, Fidencio ya zaro kwafin jaridu, suka hau magana a tare, kowa na ƙoƙarin danne muryar ɗan'uwansa. Tsohon ya bar su har suka gaji don kansu.

Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna wani tabo a girarsa. Ya ce wannan shi ne guzurin da El Tajo ta yi masa. Ranar da motarsu ta tashi, mutanen gari sun tare hanya suna jifa, dutse ya fasa gilashi ya tsaga masa fuska, sai ka ce su 'yan wasa ne suka rufe ramin. Artemisa ta gyara zama tana murmushi. Sai ya juyo wajenta.

"Ke kuma daina jin daɗi, Malama. A garinku mai masauki ya ce ba ya kwantar da Bayaki da baƙar fata. Ni da 'yan Kuba biyu a ɗakin ajiye sirdi muka kwana har aka gama gasar, muna tashi muna warin doki. Ubanki ya kwana a kan gado. Ni na jefa masa ƙwallon da aka ci kofin nan, amma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce wannan bai dace ba."

Fidencio ya ƙyalƙyale da dariya. Tsohon ya tambaye shi ɗan waye shi. Da ya faɗa, sai ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ya tuna mai share filin, gajere mai gashin baki. Ya ce ba zai rantse cewa ya ga dutse a hannunsa ba, amma a cikin masu jifan yake tsaye, a gaba ma.

Fidencio ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya ce ƙarya ne, tsufa ya cinye masa hankali, ubansa kuka ya yi ranar ba jifa ba. Artemisa ma ta ce ba ta zo nan don a ci mutuncin mamaci ba. Tsohon bai ɗaga murya ba.

"Kun zo tambayar na wane gari ne. Ku rubuta ba na kowa ba ne cikinku. Ku tashi ku ba ni waje."

'Yarsa ta kwashe kofunan ba a sha ba, ta raka su har bakin ƙofa ta rufe. A tashar mota suka zauna a kan benci ɗaya, shi a wannan ƙarshe, ita a wancan. Fidencio yana ta ƙoƙarin tuno inda ubansa ya tsaya a ranar, amma abin da yake iya tunawa kawai shi ne ƙurar motar da ihun mutane. Da motar Artemisa ta zo, ta tsaya a gabansa ta ce aƙalla ubanta bai fasa wa kowa kai ba. Ya ce mata ai ba ya buƙatar dutse, tunda ya iya barin abokinsa ya kwana da dawaki.

Da suka koma gida, Artemisa ta rubuta a shafin labarin jifan El Tajo, ta bar zancen masauki. Fidencio ya rubuta labarin ɗakin sirdi, ya bar zancen jifa. Rigoberto ya goge duka biyun, ya rubuta sunan garuruwan biyu a jere a gurbin zakaru, ya kulle gurbin yadda babu mai iya taɓawa. Fidencio ya kira shi a waya ya ce masa ɗan tsallake ne da bai san zafin garin kowa ba, gara ya koma ya ci gaba da cire wa turawa haƙora. Bayan ya ajiye wayar ya zauna ya goge duk abin da ya taɓa shigarwa, shekara bayan shekara, Gudelia na tsaye a bakin ƙofa tana roƙonsa ya bari. Bai san Rigoberto na ajiye kwafin komai ba. Kafin mako ya zagayo an mayar da aikin yadda yake, shi kuma an kore shi daga shafin.

Ya yi 'yan watanni ba ya kusantar kwamfutar. Ya rame, ya ƙara zafin rai, har kajin gidan suka san takunsa. Daga baya ya buɗe sabon suna da sunan matarsa, ya ci gaba da shigar da wasannin 1957 kamar ba abin da ya faru. Artemisa ta gane shi tun a layin farko. Ta rubuta: "Barka da zuwa, Doña Gudelia. Ki gaishe da maigidan, ki ce masa har yanzu ba ya sa waƙafi." Rigoberto ma ya gane, amma ya kau da kai, don babu mai iya bin tsofaffin jaridu kamar Fidencio.

Haka suka ci gaba da cizon juna har Artemisa ta rasu a wata damina. Fidencio ya san tana da akwati cike da takardun ubanta, ciki har da sakamakon wasannin da jaridu ba su buga ba. Bayan an yi kwanakin makoki ya saka riga mai tsabta ya hau mota zuwa Santa Brígida, garin da bai taɓa takawa ba. Ɗanta ya fito ya tarbe shi a tsakar gida. Fidencio ya yi ta'aziyya a gajarce, ya shiga zancen akwati. Mutumin ya tambayi sunansa, da ya ji, sai ya ce mahaifiyarsa ta bar wasiyya: duk mai bincike da ya zo a buɗe masa, ban da mai waldan El Tajo. Ya ba shi ruwa ya sha, ya nuna masa hanyar tasha.

Da ya dawo ya ce wa Gudelia ita ta je, tunda sunanta ne a shafin, ba za a hana ta ba. Ta ci gaba da murza ƙullun tortiya, ba ta ɗago ba.

"Sunana ka ara, tsoho, na yi shiru. Ƙafata ba za ka ara ba."

Daga ƙarshe ɗan Artemisa ya aika akwatin Tucson. Rigoberto yana ɗora takardun a shafin kaɗan kaɗan in ya samu sarari. Idon Fidencio ya fara rauni, sai ya kara fuska da kwamfutar yake iya karatu, amma duk takardar da ta fito yana binta layi layi, yana haɗa ta da jaridunsa, inda suka saɓa ya rubuta ƙorafi da sunan matarsa. Yanzu yana kan wasannin 1958, shekarar da gasar ta mutu, kuma saura masa watan Agusta.