Hasumiya Kafin Sarki

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini wasan ces, darar Turawa, a soron gidansa da ke Shahuci. Tsohon malamin firamare ne, kuma bai taɓa shakkar maganar da ta fito daga bakinsa ba.

A wasan akwai motsi guda da ake kai sarki lungu ya tsira: sarki ya matsa gida biyu, hasumiya ta tsallake shi ta tsaya a gefensa, sojoji uku suna gabansa. Mu a soron muna ce masa shiga gida. Kawu ya yarda da amfaninsa ƙwarai. Wanda ya bar sarkinsa a tsakiyar allo, in ji shi, bai san abin da yake karewa ba. Sai dai a wurinsa hasumiya ake fara ɗagawa. Ranar da na fara kai hannu kan sarki, buge mini yatsu ya yi.

"Kai ɗan nan, a ina aka raine ka? Sarki ne zai taso ba a gyara masa wuri ba?"

Shekara da shekaru ina yi wa sarkin katako wannan ladabi. Babu mai musu, domin duk wanda ya iya wasan a layinmu, Kawu ne malaminsa.

Bayan na fara aiki a gidan rediyo, aka shirya gasar ma'aikata, wanda ya ci shi zai wakilce mu a Kaduna. Ina son tafiyar nan, har na kai shadda ɗinki. Na kai wasan ƙarshe, don waɗanda na doke a hanya ko dai ba su san doka ba, ko kuma kunya ta yi musu yawa. Abokiyar karawata wata injiniya ce daga sashen na'urori, wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin matsalolin nan biyu.

Kawu ya zo kallo da babbar riga, ya zauna a bayana yana gaya wa na kusa da shi cewa shi ya koyar da ni.

Wasa ya yi ɗan nisa, ta jero mayaƙanta suna kallon tsakiya. Lokacin shiga gida ya yi. Na ɗaga hasumiya na ajiye, cikin natsuwa, na miƙa hannu zuwa ga sarki.

"Malam, dakata," in ji ta. "Hasumiya ka taɓa. Ita kaɗai ce ta tafi."

"Ai gida zan shiga, Malama."

"Da sarki ake farawa. Ko a kira alƙali?"

Alƙalin wasan ya zo da ɗan littafin doka, ya karanta a fili da murya mai kyau, kasancewarsa mai karanta sanarwa. Kawu ya miƙe.

"Wanda ya rubuta wannan ba shi da manya a gidansu!"

"Ƙila haka ne, Baba," in ji injiniyar, "amma ya rubuta."

Tunda hasumiyar ta motsa, a doka ƙofar shiga gida ta wannan ɓangaren ta rufe ke nan. Ɗaya ɓangaren kuwa dokina da sarauniyata sun tare hanya, ba su san ana sauri ba. Sarkina ya tsaya a tsakiyar fili da cikakkiyar martabarsa, wurin da na gyara masa yana nan tsaf babu kowa. Ta ba da soja ɗaya ta buɗe layi, ta bi sarkin nawa gida-gida har ya rasa na shiga. Ta miƙe, ta gaida Kawu har da rusunawa.

Da yamma edita ya sa sakamakon a ƙarshen labarai, kuma ranar ni ke kan aiki. Na karanta sunanta daidai, na yi mata fatan alheri a Kaduna a madadin dukkan ma'aikata, sannan na wuce zuwa hasashen yanayi.